Aljihun Hagu

Ni na ɗinka rigar nan.
Shuɗiyar shadda, yadi huɗu da rabi.
Ranar an ɗauke wuta a Sabon Gari,
na ƙarasa ta da keken ƙafa, magariba na shigowa,
aljihun hagu ya ɗan karkace.
Kyari ya ce, bar shi, wa zai lura?
Ya ba ni jika biyu, saura ɗaya,
sai ya dawo daga Diffa.

Motar ba ta dawo ba.

Bayan wata bakwai, Mutari mai fenti,
wanda ke zana kawuna a allon masu aski na Zango
da zakuna a bayan manyan motoci,
ya tsinci hoton a wayar wani.
Ya shimfiɗa ƙyalle tsawon katanga, ya zana:
mota a kife, hayaƙi, takalmi ƙafa ɗaya,
mutum tara a gefen kwalta,
can nesa masu bindiga, ba fuska.
Aka rataye shi a gidan matasa.

Gari ya tsage biyu kamar goro.
Liman ya ce gawa sutura take so, ba kallo ba.
Malamin lakwal ya ce miki in an rufe shi ruɓewa yake.
A kowace fada shayi na hucewa ana musu.
Wani dare aka watsa wa zanen baƙin mai,
ya ɓata sararin sama, bai taɓa mutanen ba.

Man nan shi ya kira su.
Ran da aka yi jana'iza ba mu ga ko ɗaya ba,
yau ga farar mota daga Yamai, kamara uku,
da wata mai gyara gira a madubin ƙofa.
Suka ɗauko Ya Falmata daga Birni,
suka zaunar da ita gaban ɗanta na fenti,
suka gyara mata mayafi, suka ce dubi nan.
Ta yi kuka.
Mai ɗauka ya ce a yi haƙuri, murya ba ta shiga ba,
ko za ta sake?

Ta dube shi har ya sunkuyar da kai.
Ta ce, ɗan nan, ido ba famfo ba ne.
Ko famfon Damagaram ba ya zuwa don an kira shi.

Wannan ba su nuna ba.
Da dare muka taru gaban tele a shagon Habu,
tsakanin tallar shinkafa da labarin ƙwallo,
minti biyu, da goge mai taushi a ƙarƙashi.
Sunan Mutari da manyan baƙaƙe.
Wanda ya watsa mai, an ba shi laƙabi.
Kyari kuwa yana cikin "mutum tara."
Wani a bayana ya ce kai, hoton ya fito ras.

Da safe na je, in ce a sauke shi.
Da faɗa a bakina na shiga.
Na tsaya. Na uku daga dama, hannu a ƙarƙashin kai
kamar mai hutun azahar,
ga shuɗi, ga wuyan da na yanka,
ga aljihun hagu a karkace.

Mutari na gefe yana kankare mai da cokali.
Ya ce kwana uku na yi a kan aljihun nan,
ina miƙe shi, ina duba waya, ina gogewa,
na zaci hannuna ne ke rawa.

Na ce ba naka ba ne. Nawa ne.

Har yau ban san ko ya kyauta ba.
Na dai san duk faɗin ƙasar nan
shi kaɗai ya dubi Kyari kwana uku.

Na koma shago, na buɗe littafin bashi.
Kyari, jika ɗaya.
Na ɗauki biro, na ajiye.
Guntun shaddar na nan a ƙarƙashin keke,
bai kai hula ba.