Teku a Saman Bene

Matakala goma sha tara ce a gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi.
Da gwiwa na ƙirga su, ba da baki ba,
bokiti a dama, bokiti a hagu,
kowace Asabar bayan azahar.

A ƙasa nake haɗa teku,
cikin shuɗin duro, gefen wurin wanki:
tataccen ruwa, da gishirin kwali da ake aiko mana daga Ikko.
In dama, in auna, in bar shi ya kwana.
A sama kuwa Baba ne,
da akwatin gilashinsa da kifaye bakwai.
Shekara talatin da ɗaya ya yi a tashar jirgin ruwa,
ya dawo da fansho
da ɓarin jikin da ya daina jin magana.
Tun da ƙafa ta ƙi sauko da shi
muka hau masa da teku.

Ranar da na zame a matakala ta sha ɗaya,
lita ashirin ta riga ni isa tsakar gida.
Inna Hansatu ta dubi farin gishiri yana bushewa a siminti,
ta ce, kai ba ɗan garuwa ba, ba mai jirgi ba,
je ka nemo inji.

A Sabon Gari, Okwudili ya ɗora mini wani jibgege a kanta,
baƙin ƙarfe, nauyin ɗan akuya.
Ya ce wannan daga rijiya yake kai ruwa hawa huɗu.
Na ce ruwana da gishiri.
Ya dube ni kamar na ce miya zan tura sama.

Tasi'u mai gyaran famfo ne ya zaunar da ni a benci.
Ya ce gishiri ba ya faɗa da ƙarfe, lallashinsa yake yi
har ya mayar da shi jan gari.
Kada ka ɗauki mai tagulla a ciki, guba ce ga kifin teku.
Kada ka ɗauki mai kwana da mai a cikinsa,
ran da ya yi yoyo, ka yi jana'iza bakwai.
Nemi na roba, wanda maganaɗisu ke juyawa.
Kuma abin da ke jikin kwali, cika bakin ɗan dambe ne:
lita dubu uku a awa, a fili kenan, ba a kan tudu ba.
Auno mini tsayin benenka.

Da igiyar shanya na auna, daga gindin duro zuwa leɓen gilashi.
Mita huɗu da ɗan taki.
Ya ƙara wa kowace kwana ta tiyo nata haraji,
ya ce sayi mai iya shida,
jakin da aka yi wa kaya daidai ƙarfinsa ba ya kai kasuwa.

Asabar ta zo.
Na jona, na kasa kunne.
Ruwa ya kama hawa cikin tiyo, a hankali, kamar tsoho,
bai tsaya hutu a ta sha ɗaya ba.
Sai aka ɗauke wuta.
Duk abin da ya hau ya juyo ƙasa,
har ya fara janyo na Baba a bayansa.
Na ruga sama na fizge bakin tiyo, riga jagab.

Baba yana dariya da rabin fuskar da ta rage masa.
Ya ce, haka take yi.
Ta zo, ta koma.
Ka ɗaga bakin ya bar ruwa, ɗan nan,
teku ba ta son a riƙe ta.

Yanzu minti tara ne aikin.
Bokitan sun koma wanki.
Ni dai har yau nakan hau da ƙafa in tarye shi a sama,
in zauna bakin gado,
mu yi shiru mu biyu,
mai ruwan ɗorawar nan yana leƙowa daga bayan dutse
ya ga ko waye ya kawo sabon ruwa.