Katin Zinare

Daga Lamego na hau bas da asuba,
jaka ɗaya, takardar likitan ido a aljihu.
Graça ta ce, "Baba, na kama maka ɗaki a Porto
da katina na zinare. Na sama za su ba ka,
mai kallon kogin Douro,
karin kumallo kyauta."

Yaron kan kanta, Duarte,
ya duba na'ura, ya dube ni, ya leƙa bayana.
"Ina mai katin?"
Tana Frankfurt, na ce. Ko Oslo. Yau wace rana ce?
"Ɗaki kam an biya.
Alfarmar ce sai mai sunan ta kwana da kanta."

Ban ja ba, shi ma ɗan aike ne.
Sai dai na so in tambaye shi:
dare ɗari biyu da sha ɗaya da kuka ƙirga mata,
daga gidan wa aka ɗebo su?
Ranar tsinkar inabi kujerarta ba kowa.
Daren da uwarta ta cika,
otal ɗinku maki ya ƙara mata.

Ɗaki na ƙasa. Tagar na kallon bango
da bututun kicin.
Ba laifi, idon ma sai gobe za a gyara.

Da safe na tarar da kofi da burodi a bakin ƙofa,
ba takarda, ba suna.

Graça ta kira: "Baba, kana ganin kogin?"
Na ce, cike yake taf, 'yata.