Cutar Da Magani Ya Raɗa Wa Suna

Mako biyar ke nan Duna yana zawo.
Ni ke gadin rumfunan katako a Laranto,
shi ke gadina.
Da asuba, kafin masu zarto su iso,
nakan bi sawunsa da toka da shebur,
ina rufa masa asiri.

Haƙarƙarinsa ya fito, ana iya ƙirgawa daga bakin titi.
Haushin ma sai na roƙa.
Idi mai shayi ya ce, ɗura masa ja-da-yalo,
kare ne fa, ba ɗan gwamna ba.
Ban ɗura ba.

Mai keke ya ce ba ya ɗaukar kare.
Na ara baro, na shimfiɗa buhu,
na tura shi har Gada Biyu,
yara suna bin mu da dariya.

A kan benci wata dattijuwa daga Rayfield
tana rungume da kwando, mage a ciki.
Muka gaisa. Ashe matsalarmu ɗaya.
Ita da turarenta, ni da warin toka,
muna hirar kashi kamar hirar damina.

Likita Rifkatu ba ta yi ƙyama ba.
Sau nawa a rana? Wane launi?
Da jini? Da majina? Yana amai?
Me yake ci?
Na ce, abin da Allah ya hore,
da abin da ya tono a bayan mahauta.
Ta rubuta har wannan.

Ta ɗiba a kwalba, ta leƙa ta madubinta.
Babu ƙwan tsutsa.
Duk da haka ta ba da maganin tsutsa, ta ce,
ɓarawon da ba a gani ba ba shi ne babu ba.
Na ce, Likita, wannan karatun nawa ne.

Jini ya tafi Vom, ya dawo bai faɗi komai ba.
Sai abinci: shinkafa fara da kaza, mako biyu,
kada ya lasa wani abu.
Ina cin garau-garau a gefe,
ina kallon kare yana cin kaza,
zawo kuma yana nan.

Sai a lokacin ta buɗe durowa.
Ta ce, wannan ba a fara da shi,
in aka saba wa ƙwayoyin cuta da shi
wata rana za su daina jin tsoronsa.
Kwana uku, toka ta huta.
Kwanakin magani suka cika, muka dakata.
Kwana tara, zawo ya dawo kamar mai bin bashi.
Muka koma. Ya tsaya.

Na ce, to mece ce cutar?
Ta ce, ka gan ta da idonka:
wadda ke tafiya in an ba shi, ta dawo in an daina.
Hanjinsa gari ne, baƙi da 'yan gida sun rikice,
ba mu san wa ya fara ba.
Mun dai san wanda suke jin maganarsa.

Jiya, sanyin Jos yana cizon kunne,
na haska tocila a bayan rumfa ta huɗu.
Ga shi nan, a dunƙule, yana hayaƙi.
Na daɗe a tsaye.
Idi ya ƙwala mini kira, me ka tsinta?
Kafin in amsa,
Duna ya yi wa mashin ɗin farko haushi.