Burgu Mai Buhu

An kawo wuta bayan isha'i a Gyallesu.
Sahura ta riga kowa zuwa gaban talabijin,
tuwo a hannu, miya na ɗiga a tabarma.
Fim ɗin zane ne, na wani yaro mai takobi
da zai haye duwatsu bakwai neman ƙanwarsa.
Ita ba yaron ta zo kallo ba.
Burgu take jira, mai hula a karkace,
wanda ke biye da shi da buhu a kafaɗa,
bakinsa ba ya shiru, cikinsa ba ya ƙoshi.

In ya faɗa rami, sai ta faɗi a tabarma.
Da tukunya ta kife masa a ka
dariyarta ta kai gidan Malam Ashafa,
har matarsa ta leƙo ta katanga:
"Lafiya dai?"
Lafiya lau, burgu ne.

Ni ina kan kujera ina auna shi.
Na yarda yana da rana.
Da dodo ya wage baki
yarinyar ta ƙanƙame ƙafata,
shi ne ya yi tuntuɓe da wutsiyar dodon,
tsoro ya sake ta kamar zazzaɓi da asuba.
Shi ke yin tambayar da yaro zai yi:
"Da sauran nisa? Akwai abinci a can?"
Jarumi ba ya jin yunwa, ba ya jin fitsari.
Duk cikinsu burgu ne kaɗai mai kama da mutane.

Amma akwai inda ya ɓata mini rai.
Yaron ya tarar gidansu ya zama toka,
ya durƙusa, ya ɗauki takalmin uwarsa ƙafa ɗaya.
Na ga idon Sahura ya ciko.
Na ce yau za ta ɗanɗani abin da ake kira rashi,
tun tana kusa da ni, tun rashin na zane ne.
Hawayen bai kai kumatu ba
burgu ya zauna a garwashi, ya daka tsalle.
Ta fashe da dariya. Zaman makoki ya watse.
Wa ya gaya musu yaro ba zai iya ɗaukar shiru ba?
Gishiri ne, na sani,
amma ba a zuba gishiri a koko.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba:
na san nauyin buhun nan.
Shekara biyar a Kongo ina bayan Tanimu.
Ni ke riƙe jaka, ni ke kai saƙo Tudun Wada,
in magana ta ƙare masa a zauren su budurwa
ni ke zamewa daga benci da gangan.
Ranar ɗaurin aure ni na raba goro.
A hoton bikin, kunnena ne kawai ya fito.
Yanzu motarsa kan tsaya gaban shagona a Ƙofar Doka,
ya danna oda, ya sauke gilashi:
"Ilu, ba ni ɗaya in yi dariya!"
In ajiye almakashi in ba shi.
Har gobe ina ba shi.
Bai san shekarar da na binne mahaifina ba.

Fim ya ƙare. Yaro ya ga ƙanwarsa,
gari ya fito da tambura,
aka jefa wa burgu gyaɗa guda, ya cafe da hula.
Sunaye suka fara hawa sama.

Sahura ta juyo, hannunta ya bushe da tuwo:
"Baba, shi ina gidansu?
Shi ba wanda ya ɓace masa?"

Na buɗe baki, sai aka ɗauke wuta.
Fanka ta juya sau uku ta tsaya.
Ina jin numfashinta, tana jira.
A cikin duhun na shaƙe murya, na ja hanci,
na ce, "Da sauran nisa? Akwai abinci a can?"

Ta yi dariya har da tari.