Maɓalli na Bakwai

Ranar Talata, ana yayyafi a Entroncamento,
Baltasar Quintela ya shigo shagona
da kan jirgi naɗe cikin tsohuwar safa.
Tsawonsa bai wuce tafin hannuna ba,
baƙi wuluk, ƙafafu ja kamar gauta.
Ya ce, "Graciete, shekara talatin yana zagaya teburina
shiru, kamar baƙon da ke jin nauyin masu gida.
Ki ba shi murya."

Na zube masa dikoda uku a kan gilashi,
kowace ba ta fi farcen babban yatsa ba.
Ta farko yuro sittin. Tana huci, tana usur,
amma hucinta bai san da ƙafa ba:
jirgi na rarrafe, ita tana sukuwa.
Araha ba ta ado, na ce, kai ma ka sani.
Ta biyu ta iya ƙirga juyin ƙafa,
huci huɗu a zagaye, birki na kuka a kan gaɓa,
sai dai muryar aro ce, ta jirgin wata ƙasa,
an raba wa kowa ita kamar gishiri.
Ta uku kuwa fanko ce.
Abin da ka zuba mata shi za ta faɗa,
kuma ita ce mai tsadar.

Bai taya ba.
Ya laluba aljihun kwat ya ajiye kaset,
rubutun jikinsa ya koɗe:
"Baba a bakin wuta, tashar Abrantes."

Kwana uku ina sunkuye ƙarƙashin madubi,
hantsaki a dama, dalma a hagu,
wayoyi siriri kamar gashin jariri.
Lasifika mai girman dunƙulen sukari
ta ƙi zama a tukunya, ta ƙi zama a ɗakin direba,
har na huda kwal ɗin roba da allura mai zafi
na kwantar da ita a ƙasa, tana numfashi ta ramuka shida.

Fitila kuma ta so haɗa mu faɗa.
Na sa fara tas, irin wadda samari ke rububi.
Ya kare ido da hula. "Wannan ai asibiti ce.
Tamu ruwan shayi ce, tana rawa in an sha kwana,
ba ta haska komai sai abin da ya zama dole."
Na cire. Na sa mai ruwan ƙwai, na rage mata ƙarfi,
na ƙara ja guda, ƙanƙanuwa kamar ƙwayar gero,
tana ƙyaftawa a bakin murhu.
Ya gyaɗa kai, bai ce madalla ba.

Da na juye kaset a kwamfuta
sauti ya zama duwatsu jere a allo.
Ga dutsen tururi, ga dogon tsaunin usur,
ga wani ɗan tudu a gabansu, shi kaɗai.
Datti ne, na ce, bari in share.
Na kunna don in tabbatar.

Tari ne. Sau biyu, na biyun ya fi zurfi,
sai ƙarar shebur a cikin kwal.

Baltasar ya riƙe mini hannu a kan linzami.
Yatsunsa sanyi ƙalau.
"Anacleto kenan," ya ce. "Haka yake yi kafin su tashi.
Haka ya yi ta yi har bayan an daina kwal."

Na ba tarin maɓalli na bakwai,
tsakanin ƙararrawa da sakin birki.

Muka ɗora jirgin a layin gwaji, na kashe wutar shago.
Ya danna bakwai, ya jira,
sannan ya murɗa a hankali.
Ruwan shayi ya zubo a kan dogo,
ya wuce kwalin sukurori, ya wuce kofina,
ya dawo.

Ya ce har yanzu fitilar ta ɗan yi yawa.
Ya biya, rabi takarda rabi silalla,
ya fita da jirgin a ƙirji, ƙarƙashin kwat.
Safar tana nan a kan kanta,
ban san ko zai dawo ɗauka ba.