Rijiyar Gwaggo Larai

A bayan gidanmu, can Unguwar Kwarbai,
inda katangar ƙasa ta sunkuya kamar mai ruku'u,
akwai rijiyar da ba ta ƙafewa ko da bazara.
Gwaggo Larai ce mai ita.

Ba a jan ruwanta sai da asuba,
kafin kowa ya yi maka magana.
Guga na ƙwarya, igiya ta rama,
bisimilla a baki, shiru a hanya.

Mai tarin shiƙa ya sha da tazargade.
Mai shawara, da saiwar rai-ɗore da 'yar jar kanwa.
Ɗan Tanimu maƙeri, wanda makero ya cinye wa ƙeya,
Laraba bakwai ana wanke masa kai.
Uwarsa ta yagi bakin zaninta
ta ɗaura a reshen tsamiyar da ke gadin rijiyar.
"Kafin tsumman nan ya ruɓe," in ji Gwaggo,
"ciwon ya manta hanyar gidanku."

Ba ta karɓar kuɗi. Goro ɗaya, ko sannu da aiki.

Liman ya aiko a kwance tsummokaran.
Ta ce, "Allah gafarta Malam,
ruwa na Allah, itace na Allah,
ni guga ce kawai."
Amma ta kwance su.
Daren nan tuwonta ya kwana a akushi.

Ni kuwa na tafi Samaru na karanci haɗa magunguna,
na haddace sunan kowace ƙwaya da awonta.
Na taɓa ɗibar ruwan a kwalba na kai ɗakin gwaji.
Takarda ta ce: laka, ɗan gishiri, ƙwayoyin cuta.
Na karanta mata. Ta yi dariya har da share ido:
"To, injin naku bai ga asubar a ciki ba?"

Shekarar da ta rasu aka rufe bakin da siminti,
aka haƙa burtsatse a ƙofar gida.

Jiya 'yata Hansatu ta kwana tana tari.
Na ba ta abin da karatuna ya ce, cokali ɗaya da rabi,
kuma na san zai yi aiki.
Duk da haka kiran assalatu
ya same ni durƙushe a kan simintin nan,
kunnena a manne,
ban yi wa kowa magana ba.

Can ƙasa, ƙasa ƙwarai,
wani ɗigo ya faɗa cikin ruwa.