Ɗakin Kogi

Kakana Mati magini bai taɓa riƙe biro ba.
Da tsinke yake zane a kan yashi,
in bai yi masa ba ya share da tafin ƙafa.
Shi ya gina matakalar mashayar garinmu,
gabas da Auyo, inda kogi ke yin gwiwa:
taki goma sha ɗaya na marmara,
na bakwai ya ɗan karkace,
wai ranar sun yi cacar baki da ɗan fito.

Jikin tsamiyar bakin gaɓa
duk tsagar gizagonsa ce.
Nan ruwa ya tsaya shekarar da aka haifi Delu,
nan ya kai shekarar da rumbuna suka yi iyo.
Yakan ce: kogi baƙo ne mai dawowa,
ka bar masa ɗaki,
in ba haka ba ya kwana a naka.

Bayan rasuwarsa ɗan kwangila ya zo
da tirela biyu na siminti da allon sanarwa.
Ya miƙe katanga sambal kamar layin makaranta,
ya rufe matakalar, aka yi tafi, aka sha lemo.
Damina biyu.
Ruwa bai yi gardama da ita ba,
ta ƙasa ya bi, yana sakatar yashi,
har ta kifa da asuba
kamar saniyar da ta ci guba.

Ni Hansai, jikarsa, da na dawo daga Kazaure
da takardar zanen gini a jakar leda,
ban fara da ma'auni ba.
Na zauna wajen masu wanki kwana huɗu.
Tabawa ta ce tana son dutse mai faɗin tabarma,
Jatau masunci yana son turken ɗaure kwalekwale,
Ardo ya ce shanu ba sa hawa bene,
a bar musu gangare can ƙasa da mu.
Yara ba su ce komai ba,
sai na ga inda suke tsalle.

Muka tono takin kaka daga ƙarƙashin baraguzai,
tara suna nan da ransu.
Muka ja rumfar kasuwa baya, taki arba'in,
aka yi gunaguni, har da mai cewa
'yar boko ta sayar wa ruwa fili.
Muka dasa jema a gaɓa don saiwarta ta ɗinke ƙasa,
muka ɗora dakali a kan tsaga mafi tsawo,
da ƙarin kamu ɗaya,
don ruwan yanzu ya fi na da fushi.
Azarar giginya a sama, kankare a gindi;
ban ga sun ƙi juna ba.

Bara ya zo cikin watan takwas, da dare.
Ya hau taki ɗaya ɗaya kamar mai ciwon gwiwa,
ya shiga ɗakin da muka bar masa,
ya yi kwana tara, ya tafi.
Ya bar mana laka, da takalmi wari guda,
da tarwaɗa uku a cikin kwatami.

Na ɗauko gizagon, ƙotarsa ta sha hannu,
na yi tsagata a saman tasa.
Birkila ya tambaye ni ko a gyara taki na bakwai.
Na ce a bar shi.
Ƙafar garin nan ta riga ta san shi a duhu.